ZAUREN MALAM: A San Sunan Ciwo Kafin A Sayi Magani

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga masu karatunmu na Salaga, inda aka binne cibiyata, da na Bawku, inda na fara riƙe alli bayan na fito daga kwalejin horon malamai ta Gbewaa da ke Pusiga, da kuma na Yendi, inda na yi shekaru ina koyarwa, kuma inda abin da zan ba ku labari ya faru.

A wannan wata zancenmu a kan fata ne da gashi. Na san wani zai ce, haba Malam, duk abin da ya dame mu, ga tsadar abinci, ga hidimar yara, sai ka tsaya a kan ƙuraje? To, ɗan'uwa, yi haƙuri ka ji labarin nan tukuna.

Wata shekara, cikin watan Maris, ana tsakiyar zafi, ina koyar da aji huɗu a wata makarantar firamare. Akwai wani yaro a ajin, ɗan shekara goma, mai ƙoƙari ƙwarai, wanda kullum a bencin gaba yake zama. Sai na lura ya koma can baya, kuma ya shiga zuwa da hular sanyi irin ta saƙa. Na ce ya cire, ya sunkuyar da kai. Na sake faɗa, ya ƙi. Ni kuwa lokacin da sauran zafin kai, na ɗauka raini ne, na sa shi ya durƙusa a gaban allo har aka buga ƙararrawar hutu. Da yara suka fita sai ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, in na cire za su yi mini dariya." Sa'an nan ya cire. Tsakiyar kansa ya kumbura kamar an kifa rabin lemo, gashin wurin ya zube, ruwa da mugunya suna tsattsafowa, har hular ta manne da ciwon.

Washegari mahaifinsa ya zo. Na ce, "Baba, tun yaushe abin nan ya fara?" Ya ce, "Malam, wallahi ba sakaci muka yi ba. Wata uku ke nan. Da farko ɗan zagaye ne fari-fari. Ranar kasuwa na sayo man shafawa a wurin wani mai tallar magani, ya ce mini yana maganin kowane irin ciwon fata. Da muka shafa ƙaiƙayin ya tsaya, muka ce an dace. Kwali huɗu muka ƙarar."

Muka kai yaron asibiti. Aka ce makero ne, ya yi nisa. Aka ba shi ƙwayoyin sha na sati takwas, kuma Allah ya ba shi lafiya. Amma akwai wuri a kansa da gashi bai ƙara fitowa ba, kuma ba zai fito ba, domin tushen gashin ya mutu. Da muka duba sauran 'yan ajin sai muka sami biyar da makero, uku daga cikinsu wuri ɗaya suke yin aski. Har yau in na tuna durƙusawar da na sa yaron nan sai kunya ta kama ni.

Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne. Amma tun daga ranar nan na sa kaina tambayar ma'aikatan lafiya da karanta abin da ya samu, kuma abin da na fahimta shi ne: mu a Zango kusan kowane ciwon fata "ƙuraje" muke ce masa, kuma mai ɗaya muke saya mu shafa wa duka. Alhali kuwa kowane da sanadinsa. Wani fumfuna ce, wani ƙwaro ne, wani bushewa ce kawai, wani kuwa mu muke jawo wa kanmu da hannunmu. Maganin wannan yakan zama dafi ga wancan. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

MAKERO

Makero ƙwayar cuta ce dangin fumfunar nan da take fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ba tsutsa ba ce, ba kuma jifa ba ne. Idan a jiki ya fito, sai ka ga zagaye mai tudun baki, tsakiyarsa kamar ya warke, gefensa yana ta faɗi. Wannan yana jin man shafawa irin su kulotirimazol, safe da yamma, sati biyu zuwa huɗu, kuma ko an ga ya ɓace a ƙara sati ɗaya ana shafawa.

Amma idan a kai ya fito, to, zance ya canza. Ƙwayar tana shiga cikin silin gashi har tushensa, inda man shafawa ba ya kaiwa. Saboda haka makeron kai sai da maganin sha, wanda aka fi sani da girisofulbin, kuma ana shan sa sati shida zuwa takwas, gwargwadon nauyin yaro. An fi so a sha shi bayan an ci abinci mai maiƙo, kamar miyar gyaɗa ko madara, domin ta haka jiki yake karɓarsa sosai. Kuskuren da muka fi yi shi ne dainawa bayan sati biyu don an ga gashi ya fara tsirowa. Wanda ya yi haka ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Ta ina yake yaɗuwa? Ta injin aski, da aska, da mataji, da hula, da tawul, da matashin kai. Wani lokaci kuma daga kyanwa ko wata dabba. Ku duba makarantunmu na allo da na boko: yara talatin a tabarma ɗaya, wannan ya ari hular wancan, ranar jajibirin Salla kuma a jera su gaban mai aski ɗaya, injin ɗaya, ba sharewa. Shi ya sa in an ga makero a kan yaro ɗaya, a duba kan 'yan'uwansa da abokan kwanansa.

Ina roƙon iyaye don Allah a daina shafa man birki, da baƙin man mota, da ruwan batir, da tafarnuwa ɗanya. Duk na ga waɗannan da idona a kan yara. Suna ƙona fata ne, su bar tabo, makeron kuwa yana nan a ƙasa.

ƘAZUWA

Ita ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne ƙanƙane wanda ido ba ya iya gani sosai. Macen tana haƙa rami a cikin fatar sama, tana saka ƙwai biyu ko uku kowace rana. Alamarta ba ta ɓuya: ƙaiƙayi mai tsanani wanda ya fi tashi da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da hammata, da kugu, da cibiya, da matsematsi. A jarirai har tafin hannu da tafin ƙafa da kai.

Akwai abu biyu da ya kamata kowa ya sani game da ita. Na farko, wanda ya kamu karon farko yakan yi sati huɗu zuwa shida bai fara susa ba, alhali yana ɗauke da ƙwaron, yana kuma ba wasu. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a yi wa mutum ɗaya maganin ƙazuwa. Duk wanda yake kwana a ɗakin, mai susa da marar susa, rana ɗaya za su shafa magani. In aka yi wa yaro aka bar uwarsa, bayan wata ɗaya ta mayar masa. Na biyu, ƙazuwa ba ta san mai wanka da marar wanka ba. Cunkoso take bi, da haɗa shimfiɗa. Saboda haka babu abin kunya a ciki, kuma zagin yaro da cewa ƙazami ne ba ya kashe ƙwaro ko ɗaya.

Maganin da aka fi bayarwa a asibitocinmu shi ne ruwan benzil benzowet, akwai kuma man fametirin. Ana shafawa bayan wanka, daga wuya har tafin ƙafa, ba inda ƙurajen suke kaɗai ba, har ƙarƙashin farce. Ma'aikacin lafiya zai faɗi awa nawa za a bar shi da ranar da za a maimaita. Benzil yana da zafi, don haka na yara ana sirka shi, kada a shafa musu na manya. Ga jarirai ƙanana an fi amfani da man farar wuta. Tufafi da zannuwan gado a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda aƙalla kwana uku, domin ƙwaron ba ya wuce kwana biyu ko uku ba tare da jikin mutum ba. Kuma ko bayan ƙwaron ya mutu ƙaiƙayi yakan ci gaba har sati biyu zuwa huɗu. Wannan ba ya nuna magani bai yi ba.

Me ya sa nake tsawaitawa a kan ƙazuwa? Domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Susa tana farfasa fata, wasu ƙwayoyin cuta su shiga, ƙurajen su yi mugunya. A wasu yaran abin yakan taɓa ƙoda bayan 'yan makonni: sai a ga fuska ta kumbura da safe, fitsari ya ragu, ya yi duhu kamar ruwan shayi. Duk wanda ya ga haka kada ya kwana bai kai yaron asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum fiye da miliyan 200 ne suke fama da ƙazuwa, kuma a shekarar 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Mu ma nan ba mu tsira ba: a 2019 ta ɓarke a ƙasar Mamprusi ta Gabas, wajen Gambaga da Nalerigu, ta bi gidaje da makarantu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ƘYASFI, DA ABIN DA YA YI KAMA DA SHI

Ƙyasfi shi ne fararen tabbunan nan da suke fitowa a ƙirji da baya da wuyan samari da 'yan mata, musamman da bazara da damina. Ƙwayar da take kawo shi tana zaune a fatar kowa, zafi da gumi da yawan maiƙo ne suke sa ta yi yawa. Ba a ɗaukar sa wurin gaisawa ko cin abinci tare. Sabulun ruwa na wanke kai mai ketokonazol yana maganinsa: a shafa a wurin, a bar shi kamar minti goma, a wanke, a yi haka kwanaki a jere. Sai dai launin fata ba ya dawowa nan da nan, yakan ɗauki watanni, kuma yakan dawo in zafi ya zagayo. Dangin wannan ƙwayar ne kuma suke da hannu a amosanin kai, shi ya sa sabulun nan yake yi masa, in ana wanke kai da shi sau biyu a sati.

Amma a nan akwai gargaɗi. Ba kowane farin tabo ne ƙyasfi ba. Idan tabon ba ya ƙaiƙayi, ba ya yin gumi, kuma in an taɓa shi da auduga mutum yana rufe da ido ba ya jin taɓawar, to, a tafi asibiti a duba kuturta. Na san sunan nan yana tayar wa mutane da hankali, amma yau kuturta ciwo ne mai warkewa. Tun 1995 ake ba da maganinta kyauta a duniya, wata shida ko wata goma sha biyu, kuma da zarar an fara sha mutum ya daina ba wasu. Ba sai an tafi Ankaful, can kusa da Cape Coast, kamar yadda kakanninmu suka sani ba. A asibitin gunduma ma ana farawa. Yatsun da suke gutsurewa jinkiri ne yake jawo su. Wanda ya zo da wuri babu mai sanin ya taɓa yi.

HUNTURU

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ya taɓa kwana a Bawku ya san abin da nake nufi. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su zo aji fari fat kamar an tsamo su daga toka. Wannan ba ciwo ba ne, iska ce ta shanye ruwan fata, kuma maganinsa yana bayan gidanmu. Man kaɗe, wanda mutanen kudu suke kira nkuto, yau Turawa suna saye da tsada suna zubawa a cikin mayukansu, mu kuwa masu itacen muna raina shi. Sirrin shi ne lokacin shafawa: da an fito wanka, jiki da ɗan danshi, kafin iska ta busar. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, kada ya zama mai ƙuna, kuma a rage dirzar yara da soso kamar ana wanke tukunya. Sabulun wanki mai soda, irin wanda yake cin hannun mata, na tufafi ne, kada a yi wa yaro wanka da shi. Sabulun salo ya fi sauƙi, shi ma a shafa mai bayansa.

Mai faso ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ya goge kaushin da dutse a hankali, ya cika wurin da man kaɗe, ya sa safa. Kada a yanke kaushi da reza. Mai ciwon sukari kuwa, in ƙafarsa ta tsage ko ta yi rauni komai ƙanƙantarsa, asibiti zai nufa, domin daga irin wannan ɗan raunin ne ake kai ga yanke ƙafa.

GASHI

Zuwa ga iyayenmu mata da ƙannenmu. Gashi yana tsawo kamar santimita ɗaya a wata, kuma zubar sili hamsin zuwa ɗari a rana ba ciwo ba ne. Mace mai jego takan ga gashinta yana zuba sosai wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa. Wannan yana dawowa da kansa, sai dai a kula da abinci mai ƙara jini. Abin da ba ya dawowa shi ne gashin goshi da kitso mai tsauri ya cinye shekara da shekaru. Na sha ganin yarinya ta zo aji ranar Litinin ba ta iya ɗaga gira, goshinta duk ƙananan ƙuraje. Idan kitso ya hana barci ko ya sa ciwon kai, ya yi tsauri, a sassauta. A riƙa canza salon kitso, a bar kai ya huta tsakanin wannan da wancan, a rage nauyin ƙarin gashi. Man miƙar da gashi kuwa yana ɗauke da sinadari mai ƙuna, bai dace da kan ƙananan yara ba sam. Sa'an nan a bari gashi ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali ko a sa hijabi, domin danshi a rufe shi ne abincin fumfuna.

Haka nan baƙin lalle na zanen biki. Jan lalle da muka gada ba shi da laifi ga yawancin mutane, amma baƙin ana haɗa shi da sinadarin rina gashi, kuma wasu yakan sa hannunsu ya kumbura ya yi bororo, zanen ya zama tabo. Wadda ya taɓa yi wa haka kada ta sake, domin karo na biyu ya fi muni.

Maza kuma, ƙurajen ƙeya da na gemu yawanci daga aski mai ƙwalƙwal ne: gashinmu murɗaɗɗe ne, in an yanke shi ƙasa sosai sai ya lanƙwasa ya koma cikin fata. A bar ɗan saura, a daina bin ƙeya da reza. Kuma kowa da sabuwar rezarsa, domin ciwon hanta nau'in B yana bin jini ko da ɗigo ne.

MAN DA YAKE "MAGANIN KOMAI"

Yanzu mu koma kan man da mahaifin yaron nan ya saya. Irin waɗannan mayuka sukan haɗa magani biyu ko uku a kwali ɗaya, kuma ɗaya daga ciki shi ne sitiroyid. Aikinsa shi ne kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. A hannun likita magani ne mai amfani ga wasu cututtuka, na 'yan kwanaki. Amma yana kwantar da ƙaiƙayin ne ta hanyar raunana masu gadin fata. Sai mai makero ko ƙazuwa ya ji sauƙi, alhali ƙwayar ta samu fili tana yaɗuwa, har kamanninta su canza, ma'aikacin lafiya ma ya sha wuyar gane ta. Kafin ka shafa wa ɗanka kowane mai, ka ba ɗan makaranta kwalin ya karanta maka. In ya ga betametason ko kulobetasol, ajiye shi sai ka tambayi asibiti. Jariri kuwa kada a kusance shi da shi, domin fatarsa tana tsotsewa ya shiga jini.

Wannan sinadari dai shi ne a cikin yawancin mayukan bilicin, tare da haidirokwinon, wani lokaci har da makuri mai lalata ƙoda. Ƙarshensu sananne ne: fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsattsaga hannu da cinya, ƙuraje su cika fuska, kumatu da gaɓoɓin yatsu su yi baƙi fiye da da, rauni ya ƙi warkewa. Mai daɗewa tana shafawa a duk jiki tana iya jawo wa kanta hawan jini da ciwon sukari. Ƙasar Kwaddibuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, hukumar abinci da magunguna ta Ghana kuma ta hana kayan shafa masu haidirokwinon daga watan Agusta na 2016. Amma doka ba ta shiga ɗakin amarya. Kuma gaskiya ɗaya ce, laifin ba na mata kaɗai ba ne. Mu maza da muke cewa sai fara, da iyayen da suke "gyara" yarinya kafin biki, duk da hannunmu a ciki. Wadda ta daɗe tana shafawa ta nemi shawarar asibiti a kan yadda za ta daina a hankali, domin yankewa farat ɗaya takan sa fata ta yi bore.

MUN TAƁA YI, ZA MU IYA

Kada wani ya ce ai haka Allah ya yi mu da waɗannan cututtuka. Ina yaro a Salaga, garin da ake yi wa kirari da rijiya dubu, babu shekarar da kurkunu ba ya kwantar da 'yan ajinmu, wani wata biyu yana nannaɗe tsutsa a tsinke. A 1989 an ƙidaya masu kurkunu wajen 180,000 a Ghana. Aka tashi tsaye, gwamnati da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da 'yan sa-kai na ƙauyuka, aka raba ƙyallen tace ruwa, aka hana mai ciwo shiga tafki. Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a ƙasar nan a 2010 ne, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da shi. Yau 'yan ajina ba su san kamanninsa ba.

Haka dattawan Bawku za su ba ku labarin makantar rafi, wadda baƙin ƙuda yake kawowa, mai fara wa da ƙaiƙayi da kullutu a jiki da dabbare-dabbare a ƙwauri, wadda ta kori mutane daga gonakin bakin Farin Volta da Jan Volta. Daga 1974 zuwa 2002 aka yi ta feshin koguna, tun 1987 kuma ake raba ƙwayar Mectizan kyauta, har mutane suka koma gonakinsu. Dukansu biyu ba wani mai tallar magani ne ya kore su ba. An san sunan ciwon, an san hanyarsa, sa'an nan gari duka ya tashi tare. Makero da ƙazuwa ba su kai waɗannan ƙarfi ba.

To, ga roƙona. Malaman allo da na boko, mu ware rana ɗaya a sati mu duba kan yara da tsakanin yatsunsu, a keɓe, ba a gaban 'yan'uwansu ba. Masu aski da wanzamai, ku kakkaɓe gashi daga injin, ku goge shi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane kai. Wanda ya yi haka ba zai rasa ciniki ba, ni da kaina zan aiko masa da yara. Iyaye, kowane yaro da matajinsa da hularsa da tawul ɗinsa. Limamai da sarakunan Zango, ku sa baki, domin maganarku ta fi tawa nisa. Duk ciwon fatar da ya wuce sati biyu bai yi sauƙi ba, ko yake yaɗuwa, ko yake mugunya, ko ya zo da zazzaɓi, a ɗauki katin inshorar lafiya a tafi ƙaramin asibitin unguwa, ko babban asibitin Salaga, ko na Yendi, ko na Bawku. In ya fi ƙarfinsu za su tura Tamale. A tafi da kwalin duk abin da aka riga aka shafa, a faɗi gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yaron nan yanzu ya zama saurayi. Bara na gamu da shi a tashar mota, ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi jakata. Yana sanye da hula, na kuwa san abin da yake ƙarƙashinta. Da kuɗin kwali huɗun nan an kai shi asibiti tun satin farko, da yau in ya ga dama ya cire.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mana zuriya, ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.